Yadda Ake Zaɓar Madubin Bindiga Don Fuskantar Dorina Da Sauran Manyan Namun Daji

Duk lokacin da dorina ta shiga gonakin shinkafa ko ta kife jirgin masunta a gefen Kogin Kwara, wajen Yauri, Ngaski ko Shanga, tambayar da ke zuwa daga maharba da malaman daji ita ce wane irin madubi ya kamata a ɗora wa bindiga in hukuma ta ba da izinin kawar da dabbar. Yawancin masu tambayar sun riga sun sa rai a ce musu su nemi babban madubi mai jawo abu daga nesa. Wannan shi ne madubin da ke jefa maharbi cikin halaka. Dabba mai kawo hari a kusa ake gamuwa da ita, kuma madubin da ya dace da ita shi ne mai ƙarancin jawowa, mai faɗin gani, mai nisa da ido, mai jure shurin babbar bindiga. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Takardu kafin kasuwa

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta, cikinsu har da raifil irin na soja masu harsashi 7.62mm, 9mm, .300 da .303. Akwai na mallakar mutum, wato bindigar tsuntsaye da raifil na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai bindigogin gargajiya da ake ɗurawa ta baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba wa lasisi. Lasisin bindiga kuma daban yake da izinin harbin dabba. Wannan na biyun yana fitowa ne daga sashen gandun daji na jiha, bayan an tabbatar dabbar ta zama barazana. Giwa kuwa, irin waɗanda kan ratso daga Jamhuriyar Benin zuwa yankin Bagudo, doka ta hana taɓa ta, sai dai a kai rahoto. Dajin gwamnati na Tafkin Kainji ma ba a farauta a cikinsa.

Gargaɗi: a halin tsaron da Kebbi da Zamfara ke ciki, mutum da raifil mai madubi ba takarda a aljihu, sunansa ɗan bindiga ko da niyyarsa fara ce. Kafin ka biya kuɗin madubi daga waje, ka tambayi dillali mai rajista game da takardar izinin shigo da kaya daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don kada kwastan su riƙe kayan. Ranar fita kuma a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, da hakimi, da Sarkin Baka, da Sarkin Ruwa.

2. Duba bindigar da za a ɗora wa madubin

Madubi ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi. Ƙaton namijin dorina yana kai kilo 1,500, wasu ma su haura nesa, ga fata mai kauri ga ƙashin kai mai tauri. Shi ya sa ƙasashen da ke da tsarin farauta suka ƙayyade mafi ƙarancin harsashi: Tanzaniya ta tsaya a kan .375, Zimbabuwe kuma milimita 9.2 ga giwa, ɓauna da dorina. Bindigogin da aka saba da su su ne .375 H&H, .416 Rigby da .458 Winchester. In abin da ke hannunka bindigar gida ce ko ta tsuntsaye, ka bar maganar madubi, ka bar maganar dorina gaba ɗaya. Raunata ta kawai za ka yi, kuma dorina mai rauni masuntan da ba su san hawa ba su san sauka ba ne za su biya kuɗinta.

Ka duba saman bindigar ko akwai ramukan sukurun mazauni, wato ƙarfen da madubi ke zama a kai. In babu, sai ƙwararren maƙerin bindiga mai lasisi ya huda. Walda ba ta cikin lissafi, domin zafinta yana lalata ƙarfin ƙarfen. Ka kuma tabbata ƙarafan saiti na asali, na gaba da na baya, suna nan lafiya, saboda su ne madogara ranar da madubi ya ba ka kunya.

3. Ƙarfin jawowa: nan ake yin babban kuskure

A jikin kowane madubi akwai lambobi irin 1-4x24 ko 3-9x40. Lambobi biyu na farko suna nuna ƙarfin jawowa, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Ta ƙarshe faɗin gilashin gaba ce a milimita. Ga wannan aiki, lambar farko ta fi komai muhimmanci. Ka nemi 1-4x24, 1-6x24 ko 1.5-5x20. Duk wanda ƙasansa ya fara daga 3, ka ajiye shi.

Ga dalili a lissafe. Madubi mai kyau in yana kan 1, yana nuna fili mai faɗin mita 35 zuwa 40 a nisan mita 100. Mai 3-9 in yana kan 3, faɗin da yake nunawa wajen mita 11 ne, in kuma yana kan 9 wajen mita 4 ne. Yanzu ka matso da dabbar zuwa mita 15, wanda shi ne irin nisan da ake arangama cikin ciyawar fadama. Mai 1 zai nuna maka faɗin kusan mita 6, wato dabbar gaba ɗayanta da abin da ke gefenta. Mai 3 zai nuna maka mita ɗaya da rabi. Mai 9 kuwa santimita 60 kacal: wata baƙar fata ce za ta cika maka ido, ba ka san ko wuya ba ne ko ciki, balle ka ga ɗan'uwanka da ke tsaye a gefe. Dorina tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa a kan tudu, wato mita 8 a daƙiƙa. Mita 15 ɗin nan ba ta cika daƙiƙa biyu ba ta cinye su. Ba ka da lokacin neman ta a cikin madubi, balle na murɗa zoben ragewa.

Amfani na biyu shi ne harbi da ido biyu a buɗe. In madubin 1 ne na gaskiya, abin da idon dama ke gani ta gilashi daidai yake da abin da idon hagu ke gani a fili, ƙwaƙwalwa sai ta haɗe su. Wasu masu araha an rubuta musu 1 amma a zahiri 1.2 ne ko fiye, sai ka ji kanka yana juyawa. Gwajin mai sauƙi ne: ka kalli gefen ƙofa ko sandar wuta daga mita 10 da ido biyu. In layin ya wuce cikin madubin ya fita a miƙe ba karyewa, 1 ɗin gaskiya ne.

Saman kuwa, 4 ya isa, 6 ƙari ne mai amfani. Ana buƙatarsa ne lokacin da dabbar ke cikin ruwa a nisan mita 40 ko 60, ba abin da ke waje sai idanu da kunnuwa, wurin saiti kuma bai fi tafin hannu ba. Ko kada, wanda shi ma wurin harbinsa ƙarami ne, 6 ya wadatar a irin wannan nisa.

Gargaɗi: kullum zoben jawowa ya zauna a kan mafi ƙanƙanta. In dabba tana nesa, akwai lokacin ƙarawa. In tana kusa, babu lokacin ragewa. Da ka gama duba abu a kan 6, hannunka ya mayar da shi 1 kafin ka ɗaga ƙafa.

4. Tazarar ido da madubi

Kowane madubi yana da nisan da ido zai tsaya ya ga hoto cikakke. Ga babbar bindiga, kada ya gaza milimita 90, wato inci uku da rabi. In ka sami milimita 100, ya fi. Bindiga irin .416 in ta yi shuri, tana dawowa baya da sauri, bakin madubin ƙarfe ne, kuma gira yake samu. Yankan yakan kai ga ɗinki, amma babbar illar ita ce jini ya rufe maka ido a lokacin da kake buƙatar harbi na biyu, sannan tsoron ya zauna maka, ka riƙa runtse ido kafin ka ja kunama.

A wasu madubai tazarar tana raguwa in an ƙara jawowa, don haka lambar da za ka duba a takardar bayani ita ce ta mafi girman jawowa. Ka zaɓi mai roba a bakinsa na baya. Ka kuma gwada sassaucinsa: ka ɗan kawar da kai hagu da dama, sama da ƙasa. Mai kyau yana riƙe hoton, marar kyau nan da nan baƙin wata ke shigowa daga gefe. A guje, da numfashi sama-sama, kuncinka ba zai sauka daidai wuri ɗaya ba.

5. Layin saiti da ɗigon haske

Ka nemi layi mai kauri kuma marar tarkace. Wanda maharba suka fi yarda da shi shi ne samfurin Jamus mai lamba 4: sanduna uku masu kauri daga hagu, dama da ƙasa, sai siririn gicciye a tsakiya. Ido yana faɗawa tsakiyarsa da kansa. Masu ɗige-ɗige da lambobi na harbin nesa ne, a nan ruɗu kawai suke ƙarawa.

Dorina da ɓauna duk masu duhun fata ne, baƙin layi yakan ɓace a jikinsu, musamman da asuba da gab da magariba, lokacin da dorina ke fita kiwo ko komawa ruwa. Saboda haka jan ɗigo mai haske a tsakiya ya cancanci kuɗinsa. Sharaɗi biyu ne. Na farko, layin ya zama an zana shi a gilashi, yadda ko batir ya mutu yana nan. Na biyu, hasken ya iya raguwa sosai, domin ɗigo mai tsananin haske a duhu yana rufe dabbar. Yawancinsu batir CR2032 suke ci, irin mai kama da kwabo da ake samu wajen masu gyaran agogo da kwamfuta. Samfurin AccuPoint na kamfanin Trijicon ba ya cin batir sam, da hasken rana yake aiki ta wani zare mai tara haske, da dare kuma da sinadarin da ke cikinsa.

In ka ga haruffan SFP da FFP, waɗanda ke nuna inda aka sa layin saiti a cikin madubin, ɗauki SFP. Layinsa ba ya canza girma. Na FFP yana ƙanƙancewa in an koma 1, daidai inda kake son ganinsa da kauri.

6. Gilashin gaba, nauyi da rufi

Milimita 20 zuwa 24 ya isa. Ka raba faɗin gilashi da ƙarfin jawowa ka sami faɗin hasken da ke isa idonka: 24 a kan 4 ya ba da milimita 6, kuma ƙwayar idon babban mutum da wuya ta buɗe fiye da haka ko a duhu. Babban gilashi mai 50 ko 56 yana tilasta a ɗaga madubin sama, kunci ya rabu da gindin bindiga, ga nauyi. Nauyin nan kuwa shi ne abokin gābar zobban da ke riƙe madubin, domin in bindiga ta yi baya, madubin yana son tsayawa inda yake, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon yadda yake fizgar sukurai. Kada ya wuce rabin kilo.

Ya zama an cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon an toshe, saboda raɓar bakin kogi da ruwan damina. Maɓallan gyaran saiti kuma su zama gajeru masu murfi, kada ciyawa ko gefen jirgi su murɗa su ba ka sani ba.

7. Kuɗi da jabu

Da dala ake lissafin waɗannan kaya, sai ka juya da canjin ranar. Masu aminci na matsakaicin kuɗi, irin Leupold 1.5-5x20, suna kamawa wajen dala 400 zuwa 700 a inda ake ƙera su. Manyan na Turai, irin Swarovski da Zeiss, sukan kai dala 2,000 ko su haura. A ware wa zobba da mazauni dala 100 zuwa 300, ban da kuɗin jigila da na kwastan, sannan a tanadi harsashi 15 zuwa 20 na saiti da gwaji. In kuɗi bai kai ba, gara ka zauna da ƙarafan saiti na asali da ka sayi abin da zai warware a harbi na biyar.

Gargaɗi: jabu sun yi yawa, kuma akasari madubin bindigar wasa ne aka buga wa sunan babban kamfani. Alamunsu: farashin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gaskiya ba, haske mai launi biyu ja da kore a kan samfurin da asalinsa ja kaɗai ne, rubutu mai gogewa da farce, maɓallin da ke juyawa laɓo-laɓo ba ƙas-ƙas ba, da zobba kyauta a cikin kwali. Ka ɗauki lambar da ke jikin madubin ka aika wa kamfanin ta shafinsu na intanet su tabbatar. Na hannu kuma, ka duba jikin bututun ko zobba sun lotsa shi, ka girgiza shi kusa da kunne, ka haska tocila ta gaba ka ga ko akwai ƙura, fumfuna ko tabon ruwa a ciki. Ko ɗaya ka gani, ka bar shi.

8. Zobba da mazauni

Madubin miliyoyi a kan zobban banza, banza ne. Ka sayi na ƙarfe, masu hannun kwancewa da sauri, waɗanda yatsa ke buɗewa ba sai da sukurdireba ba. In madubi ya fashe, ko laka ta rufe shi, ko za a bi sawun dabba cikin ciyawa mai tsayi, cikin daƙiƙoƙi ka cire shi ka koma ƙarafan asali. Bututun madubi iri biyu ne aka fi samu, milimita 30 da inci ɗaya, wato milimita 25.4, zobban wannan ba sa kama wancan. Ka ɗauki mafi gajarta da zai bar hannun ɗana harsashi ya wuce ba gogayya. Mazauni mai gida biyu ya fi mai gida ɗaya a nan, domin yana barin bakin zuba harsashi a buɗe ga yatsu masu gaggawa.

9. Ɗorawa

Ka cire harsashi duka, ka duba ɗakin harsashi da ido da yatsa. Ka goge ramukan sukuru da sifirit har mai ya fita. Ka ɗiga wa sukuran mazauni gam ɗin sukuru mai launin shuɗi, irin Loctite 243, ka ɗaure. Jan gam ba ya kwancewa sai da wuta, ka guje shi. Ka ɗora ƙasan zobba, ka tura kowanne gaba har haƙorinsa ya tokari bangon ramin kafin ka kulle, saboda can shuri zai tura shi ko ba ka so.

Ka kwantar da madubin, ka sa saman zobba sako-sako. Ka murɗa jawowa zuwa ƙarshe, ka tashi tsaye da irin rigar da za ka sa ranar aiki, ka rufe ido ka ɗaga bindiga kafaɗa, sannan ka buɗe. Ka riƙa tura madubin gaba har inda hoton ke gab da raguwa, nan ne mazauninsa. Kada ka yi wannan a zaune kan tebur, domin a zaune wuya yana miƙewa daban. Don daidaita gicciye, ka rataye igiya da dutse a reshe daga mita 20, ka juya madubin har layin tsaye ya hau igiyar alhali bindigar tana zaune daidai.

Sukuran saman zobba ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan, ɗaya nan ɗaya can, giɓin hagu da na dama su zo daidai. Ƙarfin ɗaurin da yawancin kamfanoni ke bayarwa shi ne 15 zuwa 18 a ma'aunin inci-fam, wajen 2 a ma'aunin Nm, amma ka bi abin da takardar naka ta ce, da maɗauri mai awo. Ɗaurin ƙarfi da yaji yana matse bututun, zoben jawowa ya cije, saiti ya daina bin maɓalli. Da ka gama, ka ja layi da fensir a jikin bututu daidai bakin zobe. In bayan harbi layin ya matsa, madubin yana zamewa.

Daga nan ka kalli sararin sama nesa da rana, ka murɗa bakin baya har layin saiti ya fito tar. Kallo gajere-gajere za ka riƙa yi, in ka daɗe ido zai gyara da kansa ya yaudare ka.

10. Saiti

Ka nemi wuri mai tudun ƙasa ko gangaren rami a bayan allo, nesa da gari da hanyar makiyaya. Ka kafa allo a mita 25, ka ɗora bindiga kan buhunan yashi, ka zare ƙarfen ɗana harsashi, ka leƙa ta cikin bututun bindigar har ka ga tsakiyar allo, sannan ba tare da motsa bindigar ba ka murɗa maɓallai gicciye ya hau wurin. Harbi ɗaya zai nuna kana kan takarda. Sai ka koma mita 50, ka yi uku, ka auna daga tsakiyar ukun.

Lissafin maɓalli yana jikin murfinsa. In an rubuta santimita 1 a mita 100, to a mita 50 kowane ƙas rabin santimita ne: harsashi ya sauka santimita 6 ƙasa, ƙas 12 sama ke nan. In an rubuta 1/4 MOA, kowane ƙas wajen milimita 7 ne a mita 100, don haka wannan gyaran zai ci kusan ƙas 17. Ka bar bututu ya huce tsakanin harbi, musamman da zafin bazara, ka sa abin toshe kunne, ka kuma yi saitin da ainihin harsashin da za ka fita da shi, domin canza nauyin harsashi yana canza inda yake sauka.

Gwaji biyu suka rage. Ka cire madubin da hannun kwancewa, ka mayar, ka yi harbi biyu. In sun kauce fiye da santimita 3 a mita 50, zobban ba su da amana. Sannan ka harba a mita 10 a tsaye, a kan 1, ido biyu a buɗe. Za ka ga harsashi ya sauka wajen santimita 3 ƙasa da gicciye, saboda madubin yana sama da bututu. Ka san da wannan tun yanzu.

Gargaɗi: madubi yana rufe maka abin da ke bayan dabba. Harsashi in ya bugi ruwa a kwance yana tsalle ya ci gaba, ya yi nisan da ya wuce kilomita. Kafin kowane harbi a kogi, Sarkin Ruwa ya janye jirage, a kuma tabbata babu tunga ko gona a ƙetare ta wannan fuska. Kada kuma kowa ya tsaya tsakanin dorina da ruwa.

11. Kulawa

Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka goge ta da bakin riga ko rawani, kankare rufin gilashin kake yi. A fara hurawa, a bi da buroshi mai taushi, sannan tsumman tabarau. Murfin gaba da na baya su zauna a rufe lokacin tafiya a babur ko jirgi, a buɗe su da an sauka. Kada a bar bindiga cikin mota a rana, zafi yana busar da robobin toshiya, raɓa ta sami hanyar shiga. In za a ajiye ta fiye da wata guda, a cire batir. Ka manna sabo guda a cikin jakar harsashi. Duk lokacin da bindiga ta faɗi, ko ta yi doguwar tafiya a hanya mai gargada, ka duba layin fensir, ka taɓa hannayen zobba, ka yi harbi ɗaya a mita 50 kafin a nufi bakin ruwa.